Kur ɗin Ingilishi na dare: baki ya buɗe, takarda ta maƙale

Ni dai haushi ne ya kai ni wurin nan. Na gama lisans a jami'ar André Salifou ta Damagaram, duk sanarwar aikin porje da na duba sai in ga can ƙasa an rubuta ana son mai jin Ingilishi, mu kuwa namu na lakwal tun daga siziyam har bak na cin jarabawa ne kawai, ka haddace ka zuba a takarda ka manta. Ga shi tun 2025 da aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci suka zama na aiki, kowa ya tashi nema. Sai na biya wata uku a wani kur na dare wajen Sabon Gari, kuɗin kun san su ba sai na faɗa ba, Inna ce ma ta cika mini daga adashinta.

Mushen namu, wato malaminmu, doka ɗaya gare shi, duk wanda ya yi Hausa ko Faransanci cikin aji zai jefa dala biyar a gwangwani. Satin farko rabin abin da ke gwangwanin nan nawa ne wallahi, har na so in gudu.

To cikin wata na biyu, wata Alhamis kasuwa ta cika, ina shagon kawuna yana sai da kayan mota, sai ga wani Shinuwa, ɗan China, daga cikin masu aiki a matatar mai ta SORAZ, direbansa ya tafi salla ya bar shi, shi ba Hausa ba Faransanci sai nuni da hannu, Kawu kuma sai miƙo masa abubuwa yake yana girgiza kai. Gabana na faɗuwa na ce masa can I help you. Mutumin nan kamar ya rungume ni! Ashe batir yake so babba. Ingilishin nasa ma a karye yake kamar nawa, shi ya sa na samu ƙarfin hali, muka yi ta gurgura muna fahimtar juna. Wajen kuɗi ne na kusa kashe Kawu, jikka hamsin zan ce bakina ya tafi fifteen, sai muryar mushe ta faɗo mini a kunne, don sati guda ya yi yana wahalar da mu kan fifteen da fifty muna cewa ɓata lokaci ne. Na gyara da sauri. Da ya tafi Kawu ya dube ni ya ce "kai ɗan nan, ashe kuɗin uwarka ba su faɗi ƙasa banza ba", ya ba ni jikka biyu. Ranar nan da a ce an tambaye ni da na ce kowa ya je ya yi rajista.

Amma fa bari in faɗi gaskiya, masu kur ɗin nan sun ci mini rai. Kuran ya ɗauke sai a tashi, babu gurup babu ramuwa, haka muka yi asarar darare da dama lokacin zafi, na yi shiru. Abin da ba zan yafe ba takardar shaida ce. Mun gama, na ga wani aiki da ya dace da ni, dosiye na buƙatar takardar, na yi ta zarya a kabukabu, yau darekta ya yi tafiya Yamai, gobe hatimi na cikin ofis a kulle, jibi a ƙara jikka ɗaya ta bugawa wadda ba wanda ya faɗa mana tun farko. Na biya. Ranar rufe karɓar dosiye ta zo ta wuce ina kallo.

Mushen ba ruwansa, shi ma na ji yana bin su bashin albashi. In da zai buɗe nasa ko a zaure ne gobe zan koma. Takardar dai har yau ana ce mini sati mai zuwa, shi kuwa Shinuwan ya dawo sau biyu, duk zuwan sai Kawu ya aiko yaro ya kira ni.