Shagon gem ɗin da ake duba wayarka kafin ka zauna

Wata huɗu ke nan ina zuwa wani shagon gem da ke wajen titin Gidan Zoo a Kano, duk daren Asabar bayan sallar isha'i. Ɗinki ne sana'ata, sai na rufe shago nake samun sukunin wasa, kuma tun 2019 nake buga PUBG Mobile, gem ɗin harbe-harbe da ake fafatawa har a ga wanda ya rage a raye, shekara ɗaya bayan fitowarsa a waya. Gajiya da 'yan maguɗi ce ta kai ni wurin nan.

Duk wanda ya taɓa hawa manyan matakan wasan, Crown ko Ace, ya san zafin abin. Ka laɓe a bene a Pochinki, wani gari a taswirar Erangel, ba ka motsa ba, ba ka yi harbi ba, sai kawai harsashi ya same ka a ka. Ka koma ka kalli maimaicin yadda aka kashe ka, ka ga bakin bindigar mutumin yana bin ka ta cikin bango kamar an ɗaura muku zare. Mutum 100 jirgi ke saukewa a Erangel, amma irin wannan guda ɗaya ya isa ya ɓata wa sauran 99 darensu, ga datarka ta tafi a banza.

Gasar da ake yi a shagon nan ba ta kamfani ba ce. Babu hannun Tencent ko Krafton, kamfanonin da ke da gem ɗin, a ciki. Mai shagon ne da yaransa biyu, su ma masoya wasan, suke buɗe ɗaki mai lambar sirri, a shiga ƙungiya takwas, kowace mutum huɗu. Naira 1,000 kowa ke biya. Yawanci a Livik ake bugawa, tunda ƙaramar taswira ce, wajen minti 15 an tashi.

Abin da ya sa nake ba su kuɗina da daɗin rai shi ne teburin bakin ƙofa. Kafin ka zauna sai ka miƙa wayarka a buɗe, kana tsaye kana kallo. Yaron zai duba jerin manhajojin da ke ciki, ya duba waɗanda aka ba izinin fitowa a saman allo, domin ta nan masu ganin mutum ta bango suke kunna abinsu. Zai leƙa inda fayilolin gem ɗin suke ya ga ko an cusa baƙo, ya tabbatar ba a fasa tsaron wayar ba. Ba ya taɓa hotunanka, ba ya buɗe WhatsApp, na sa ido a kan wannan tun ranar farko. In ya gama sai ya manna farin tef a bayan wayar ya rubuta lamba da biro. Kuma dole ka kunna ɗaukar allo har a gama, in an yi gardama bidiyo ne alƙali.

A mako na uku na ga an kama wani yaro, bai wuce shekara 17 ba. Wani ɗan ƙaramin da'ira ne ya fito a gefen allonsa. Ya ce, "Yaya, wallahi na rage zafin waya ne." Mai shagon bai ɗaga murya ba. Ya ja shi gefe ya ce, "Ƙanena, karɓi kuɗinka. Je ka goge gem ɗin gaba ɗaya, ka sauko da shi daga Play Store, Asabar mai zuwa ka dawo." Ya dawo kuwa, kuma ashe ya iya wasan, hannunsa na da kyau da bindigar M416. Wannan halin ya burge ni matuƙa, domin da an tozarta shi a gaban mutane da wani shagon zai koma da abinsa.

Ina da dalilin ɗaukar maganar da zafi. Ƙanena ya rasa akawun ɗin da ya shekara biyu yana zuba wa kuɗin UC, wato kuɗin cikin gem da ake saye. Wani shafi ne na masu kiran kansu masoya wasan, an ƙawata shi da hotunan gem, da labarin sabbin bindigogi, da saitin yatsu. A ƙasa sai aka sa fayil mai hana bindiga tsalle da share ciyawa, aka rubuta wai ba a kama shi. Ƙanena ya sauko da shi, kwana tara ya yi yana cin kaza, wato lashe wasa, a na goma ya buɗe ya tarar an dakatar da shi shekara 10. Ya kuma saka kalmar sirrinsa ta Facebook a shafin don karɓar UC kyauta, ita ma ta tafi. Ba duka shafukan masoya ne haka ba, a irinsu na koyi wuraren sauka da abin da ya dace a ɗaura wa kowace bindiga. Amma mai ba ka fayil ɗan kasuwa ne. A watan Maris na 2021 'yan sandan Kunshan a China, tare da Tencent, suka tarwatsa wani gungun masu sayar da kayan maguɗi da aka ce sun tara kimanin dala miliyan 76, suna karɓar dala 10 a rana har zuwa 200 a wata, aka kuma ƙwace musu motocin alfarma.

Shagon yana da nasa laifin. Ƙarfe tara ake cewa, amma ba a taɓa farawa kafin goma ba, duba waya 32 ba wasa ba ne ga yaro ɗaya. In NEPA ta ɗauke, janaretan ba ya ɗaukar fanka da caji a tare, zufa ta jiƙa yatsa allo ya daina ji. Intanet ɗinsu ma yakan yi nauyi in kowa ya hau, ni da datata nake zuwa.

Abu biyu ne suka fi damuna. Akwai wani mai zama a kan benci a waje yana tallan tsofaffin akawun da UC mai araha, kuma ba a kore shi ba. Bai dace a tsaftace ciki a bar wannan a ƙofa ba. Sai haɗin baki: na taɓa ganin ƙungiya biyu 'yan unguwa ɗaya suna wuce juna ba harbi har da'ira ta ƙarshe, wato ƙarshen wasan, wannan kuwa duba waya ba ya kama shi. Na yi wa mai shagon magana, ya ce zai riƙa raba musu wurin zama yana kallon bidiyonsu, kuma makon jiya na ga ya fara.

In za ka je, ka zo da cajarka da abin kunne, ka iso da wuri a duba taka kafin layi ya yi tsawo. Asabar ɗin nan da ƙanena zan tafi, ya buɗe sabon akawun, yana matakin Gold yanzu.