Fina-finan soyayya na sarautar Koriya: inda suke kama zuciya da inda suke ƙona rai

Duk wanda ya ce maka wai kayan sawa da kyawun 'yan wasa ne kawai ke sa mutane raba dare a kan fina-finan sarautar Koriya, to gaskiya bai taɓa zama ya kalli mai kyau ko ɗaya har ƙarshe ba. Eh kayan suna da kyau, babu musu, rigunan alharini masu launi kala-kala, baƙar hular nan mai faɗi ta gashin doki da maza ke sawa, fada mai rufin da ya lanƙwashe sama, dusar ƙanƙara na zuba a tsakar gida. Amma wannan kwana biyu ne ido ya saba. Abin da ke riƙe mutum shi ne a cikin fadar nan so yana da tsada sosai, kuma dole sai wani ya biya, yawanci ma macen ce ke biya. Duk fim ɗin da ya yarda a biya kuɗin nan yana tsaya min a rai, wanda kuma ya yi wayo ya zille, sai in ji kamar an cuce ni.

Akasarinsu a zamanin daular Joseon ake gina su, wadda aka kafa a 1392 ta kai har ƙarshen ƙarni na 19, hedikwatarta Hanyang wato Seoul ta yanzu. Mutane ne masu bin koyarwar Confucius, wani malamin ƙasar Sin na zamanin da, sau da ƙafa, kowa da matsayinsa tun daga haihuwa, ɗan manya daban talaka daban bawa daban. Yarinyar da aka kai fada aikin kuyanga tun tana ƙarama ta zama ta sarki ke nan, ko da sarkin bai taɓa ɗora ido a kanta ba har ta tsufa, ba ta da damar aure. Shi kansa yarima ba shi ke zaɓar matarsa ba, manyan fada ne ke tace 'ya'yan manyan gidaje su fitar masa da ɗaya. A 1477 har doka aka yi cewa matar da mijinta ya mutu in ta sake aure 'ya'yanta maza ba za su zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati ba. To ka ga marubuci ba ya ma buƙatar ya ƙirƙiro abin da zai raba masoya, katangar tana nan a gine tun asali. Shi ya sa za ka kalli kashi bakwai ko takwas ba abin da ya faru sai kallo da sunkuyar da kai, ranar da ya riƙe mata bakin hannun riga kawai sai ka ji gabanka ya faɗi.

Bari in daɗe a kan The Red Sleeve na tashar MBC, 2021, kashi 17, don a wurina shi ne ya fi kowanne fahimtar wannan abu. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan taɓa ƙarshen. Labarin sarki Jeongjo ne da kuyanga Seong Deok-im, Lee Jun-ho da Lee Se-young suka fito a ciki, kuma mutanen gaske ne ba ƙirƙira ba. Jeongjo ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800, yana yaro kakansa sarki Yeongjo ya sa aka kulle mahaifinsa yarima Sado a cikin akwatin ajiye shinkafa har ya mutu bayan kwana takwas, a 1762, to ka ga irin gidan da yaron ya tashi a ciki. Ya nemi Deok-im ta zama tasa ta ƙi, ya sake nema bayan shekaru ta sake ƙi, wannan shi da kansa ya rubuta a abin da ya rubuta mata bayan rasuwarta. Fim ɗin sai ya tsaya a kan tambayar da sauran ke tsallakewa: me zai sa kuyanga ta ce a'a ga sarki? Amsar da suka bayar wallahi ta shige ni. Tana da 'yan abubuwanta, ƙawayenta uku da suka taso tare, aikin kwafar littattafai da take samun ɗan abin kashewa, ranar hutun da za ta fita gari ta dawo. Ba su da yawa amma nata ne. Ranar da ta amince duk sun tafi, akwai wajen da ta tsaya a bakin ƙofar fada tana ɗaga wa ƙawayenta hannu za su fita, ita kuma ba ta isa ta tsallake ƙofar ba har abada, sai ta koma ɗaki ta zauna jiran ko zai zo yau ko ba zai zo ba. Shi kuma yana sonta da gaske, ba a mai da shi mugu ba, amma sarki ne kafin komai, lokacin da ƙyanda ta kashe ɗansu a 1786 dole ya haɗiye kukansa don ba ɗansa kaɗai annobar ta ɗauka ba. Ita ma a shekarar ta rasu da ciki. A gadon mutuwarta ƙawayenta ta ce a kira mata ba shi ba, da ya zo kuma ta roƙe shi in sun haɗu a wata rayuwa ya wuce kamar bai santa ba. Ban ga wani fim na soyayya da ya yi ƙarfin halin barin jarumarsa ta faɗi haka ba.

My Dearest na 2023 shi ma ya kusa kai wa nan, musamman rabin farko. An gina shi a kan mamayar da Manchu, wato mutanen daular Qing, suka yi wa Joseon a ƙarshen 1636, lokacin da sarki Injo ya gudu ya maƙale a ganuwar Namhansanseong sama da kwana 40 kafin ya fito ya durƙusa wa sarkin Qing a farkon 1637. Jarumar fim ɗin Gil-chae da aka fara nuna mana 'yar gata mai ji da kanta wadda ba abin da ta sani sai jan hankalin samari, yaƙi ya mai da ita mace mai goya ƙawarta a baya ta tsallake daji da ita. Kuma fim ɗin bai ɓoye abin kunyar nan na tarihi ba, cewa matan da aka kwashe bauta da suka samu suka dawo gida, mazajensu da danginsu ƙyamarsu suka riƙa yi wai sun ɓaci. Namkoong Min da ya fito a jarumin kam ya iya wasa da ido, ba sai ya yi magana ba.

Amma a nan ɗin dai za a fara ganin ciwon. Fim mai nauyi irin wannan, ga yaƙi ga kasuwar bayi ga sarki mai zargin ɗansa, me ya kawo mantuwa? Jarumin ya manta kansa ba sau ɗaya ba har sau biyu. Haba. Wannan cutar ta mantuwa ta zama musu sandar dogarawa, da zarar marubuci ya rasa yadda zai cika sauran kashin sai a jefo wani daga kan dutse ko a buga masa abu a kai, ya farka bai san sunansa ba. 100 Days My Prince gaba ɗayansa a kan haka aka ɗora shi, wannan ma da sauƙi tunda tun farko sun nuna wasa suke. The Moon Embracing the Sun na 2012 ya fi ba ni haushi, don yaran da suka fara shi, Yeo Jin-goo da Kim Yoo-jung, sun yi wasan da ya sa mutum ya zuba zuciyarsa gaba ɗaya, sai aka tsallake shekara takwas aka kawo mana jarumar ba ta tuna komai, muka zauna kashi bayan kashi muna jiran ta gano abin da mu mun riga mun sani tun tuni. Ya samu masu kallo sama da kashi 40 cikin 100 a Koriya, ban ce bai yi ba, amma tsakiyarsa ja ne kawai.

Sai shigar maza. Sungkyunkwan Scandal, Love in the Moonlight, The King's Affection, duk mace ce ta ɗaure gashi ta sa hula. Na gane dalilin, tunda mace ba ta shiga makaranta ko majalisa dole a nemo hanyar da za ta tsaya kusa da jarumi, kuma Park Eun-bin ta riƙe nata da kyau a The King's Affection har fim ɗin ya ci kyautar International Emmy a 2022. Matsalar ita ce sau da yawa ko ƙoƙarin ɓoyewa ba a yi, fuska fes da jan baki, murya siririya, amma a ce duk fada ba wanda ya gane.

Su kuma fadawa a bar maganar. Kusan kowane fim akwai wazirin hagu (ɗaya daga cikin manyan waziran fada) mai gemu, 'yarsa ce matar sarki, da dare ya tara mutanensa a ɗaki mai kyandir ɗaya suna ƙulla tuggu, da safe su jeru cikin jajayen riguna su kifa kai su haɗa baki suna roƙon sarki ya janye umarninsa. Sai maharan nan masu baƙaƙen kaya da rufe fuska su diro daga rufi, kibiya ta samu jarumi a kafaɗa, kwana biyu ya warke. Abin takaicin shi ne ainihin siyasar Joseon ta fi wannan daɗi nesa ba kusa ba, ɓangarori ne na malamai masu hujja da aƙida, har a kan tsawon lokacin da uwar sarki za ta yi zaman makoki sun yi rigimar da ta kifar da gwamnati. Amma fim ɗin soyayya ba ya son wahalar bayani, sai a ba mu mugu ɗaya wanda ba shi da wani buri sai mugunta, daga kashi na 11 zuwa na 14 kana iya wucewa da sauri ba ka rasa komai ba.

Abin da ya fi damuna dai ba waɗannan ba ne. Yadda ake wanke sarki ne. Ana so mu yarda mutumin da ke da mata da sa-ɗaka a fada zuciyarsa da jikinsa na mace ɗaya ne tak, to don lissafin ya fita sai a mai da matarsa ta aure muguwa, don kar mu ji tausayinta. A The Moon Embracing the Sun sarauniyar nan Bo-kyung tun tana yarinya ubanta ya tura ta fada don ya samu mulki, mijin ya shekara da shekaru ko kallon arziki bai mata ba, ƙarshe ta kashe kanta, kuma fim ɗin yana so mu yi murna an share hanya. Ni kam ban iya ba. Haka Dong Yi na 2010 mai kashi 60, ina son shi sosai, wajen da ita Dong Yi ta taka bayan sarki Sukjong ta haura katanga ba ta san ko waye ba har yau yana sa ni murmushi, amma Sukjong na tarihi ba wannan mai fara'ar ba ne. Mutum ne da ya sauke matarsa Inhyeon a 1689, ya dawo da ita a 1694, ya sa aka kashe Jang Hui-bin uwar magajinsa a 1701, kuma duk juyin nan da ya yi kawunan manyan mutane ne suka riƙa faɗuwa. An ɗora laifin duka a kan mata da fadawa shi ya fita tas.

Bayi kuma sai ka ce kujeru. Yarinyar da ke bin jaruma a baya da ƙunshin kaya aikinta ta ba da dariya ko ta mutu don uwar ɗakinta ta yi kuka mai kyau, alhali bauta a Joseon gado ce, ana saye ana sayarwa, sai 1894 aka soke ta a doka. Da wuya ka ga an tsaya an tambayi ita wa take so.

Game da murɗe tarihi ni ban da tsanani sosai, in dai an nuna ƙirƙira ce. Sarkin The Moon Embracing the Sun babu shi a tarihi, shi ke nan ba rigima. Inda nake ja shi ne a ɗauki sunan mutumin gaske a canza masa ƙaddara don a faranta mana. Yariman Love in the Moonlight an gina shi a kan Hyomyeong wanda ya rasu a 1830 yana ɗan shekara 20 da ɗoriya bai hau gado ba, ya ma riga mahaifinsa rasuwa, amma a fim an naɗa shi sarki kowa na dariya. Su 'yan Koriya ba sa wasa da wannan, suna da kundin tarihin sarakunansu na shekara 472 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1997, da Mr. Queen ya yi wa kundin shaguɓe sai da masu shi suka ba da haƙuri, Joseon Exorcist kuwa kashi biyu kacal aka nuna a 2021 aka soke shi saboda ƙorafin jama'a.

Wanda zai fara, ni The Red Sleeve zan ce ya fara da shi, sai dai ya yi haƙuri da wata ƙungiyar asiri ta kuyangi da aka cusa a tsakiya wadda ba ta ƙara komai ba. Mai son dogon zango da natsuwa ya nemi Dae Jang Geum na 2003, kashi 54, soyayyar ciki kaɗan ce kuma a hankali take tafiya, girki da magani ne suka fi yawa, amma mace ce da ke da sana'a da buri nata na kanta, ba jiran yarima take ba. Moon Lovers: Scarlet Heart Ryeo na 2016 shi a zamanin Goryeo yake, daular da ta gabaci Joseon, farkonsa a hargitse yake kuma kyamarar tana cika matsowa fuska har ta gundure ka, amma daga tsakiya Lee Joon-gi ya ɗauke fim ɗin a kafaɗarsa, kuma ba su ji tsoron nuna yadda gadon sarauta ke cinye mutumin da ya hau shi ba, 'yan'uwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a gaban jarumar har ta kasa zama da wanda take so. Kar a fara kashi huɗun ƙarshe in da aiki da sassafe, kuma kar a je ana neman zango na biyu, ba a yi shi ba.