Fansho a Ingila: sanyi ne ke fara ɗaukar kasonsa

Dattijon da ya ajiye aiki a Ingila, ya kulle gidansa ya tafi ganin 'yan uwa na wata uku, ko ƙwan fitila ɗaya bai bari a kunne ba, zai dawo ya tarar da bashin wuta da gas na sama da fam 70 yana jiransa. In ya buga wa kamfani waya da faɗa, cikin ladabi za a gaya masa cewa kuɗin zaman layi ne. Wato tunda waya da bututu sun shigo gidanka, kullum ta Allah akwai abin da za ka biya, ka kunna ko ba ka kunna ba. A shekarar 2025 lantarki da gas a haɗe sun kama kimanin kwabo 80 zuwa 90 a rana, kusan fam 300 ke nan a shekara, tun kafin a dafa ruwan shayi. Mai mitar kati ma bai tsira ba, bashin taruwa yake yi a cikin mitar, ranar da ya sa kuɗi ta fara zare nata.

Kuma wanda ya kashe komai a lokacin hunturu don tsimi, gyaran gangar auzinawa ya yi. Ruwan da ke cikin bututu yakan daskare ya fasa shi, ranar da ƙanƙara ta narke sai silin ya zubo. Masu inshora da yawa ba sa biya in gida ya wuce kwana 30 ko 60 babu kowa, sai in an sanar da su tun farko. Dole a bar na'urar ɗumama gida tana aiki ƙasa-ƙasa, a roƙi maƙwabci ya riƙa leƙawa.

Ita wannan na'ura, boila, ita ce uwar gida a nan. Akwai ɗan agogo a gabanta, allurarsa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan na'urar ta huce. In ta faɗi ƙasa da 1, ɗumi ya ɗauke, sai an buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashi an ƙara ruwa a hankali. Idan ƙarfen ɗumama ɗaki ya yi zafi a ƙasa amma samansa da sanyi, iska ce ta maƙale. Akwai ɗan makulli da ake murɗawa a gefe, a tara tsumma, a jira hucin ya ƙare ruwa ya ɗigo, a rufe. A daren tsananin sanyi kuma bututun roba da ke fitar da ruwa waje yakan toshe da ƙanƙara, na'urar ta mutu. Ruwa mai ɗumi ake zuba masa, ba tafasasshe ba. Abin da ya wuce nan, doka ta ce sai mai rajistar Gas Safe, wato ƙwararren ma'aikacin gas da aka tantance, zai taɓa. Babu zancen kiran yaron unguwa mai sukundireba, balle a jona ta bayan mita kamar yadda wasunmu suka mayar sana'a, har suna alfahari.

Likitoci na cewa kada ɗakin tsoho ya gaza digiri 18. Masu tsoron bil sukan rufe tagogi ruf su shanya wanki a ɗaki, sai fumfuna baƙa ta kama bango, tari ya biyo baya.

To, nawa ne fanshon? Cikakken fanshon gwamnati a Afrilun 2025 ya kama fam 230.25 a mako, ana biya duk mako huɗu, fam 921 ke nan a lokacin. Sai wanda ya yi shekara 35 yana biyan kuɗin inshorar ƙasa yake samun cikakke, wanda bai kai shekara 10 ba kuwa ko sisi. Yawancin namu da suka zo da girmansu a tsakiya suke. 'Yan uwa, don Allah kafin ku buga lissafin canji ku aiko da jerin buƙatu, ku cire harajin ƙaramar hukuma, wanda a 2025 matsakaicin gida ya biya kimanin fam 2,280 a shekara, kodayake mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100 in ya nema. Ku cire lasisin talabijin, wanda ya kama fam 174.50 a 2025. Ku cire wuta da ruwa. Wanda har yanzu haya yake biya, nasa sai addu'a.

Labaran duniya a nan cikin bil ake karanta su. Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022, gas ya tashi, zuwa Oktoba hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100. Duk wata uku hukumar Ofgem, mai kula da wuta da gas, ke sake ƙayyade farashi, tsofaffi na kasa kunne kamar masu jiran ganin wata. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta janye tallafin hunturu na fam 200 zuwa 300 daga yawancin 'yan fansho. Aka yi ta ƙorafi, aka rama a akwatin zaɓe, a Yunin 2025 gwamnati ta mayar wa duk wanda kuɗin shigarsa bai wuce fam 35,000 ba. Wannan kam ya burge ni: tsoho a nan ƙuri'arsa tana cizo.

Gaskiya dai a faɗe ta, fansho yana shiga asusu ranar da aka ce, babu layin tantancewa a rana, babu mai neman na goro. Daga shekara 60 maganin da likita ya rubuta kyauta ne, bas ma kyauta da zarar an kai shekarun fansho. Ganin likitan ne aiki: ƙarfe 8 na safe za ka kama waya, ka ji kai ne na talatin a layi. Sai kuma kaɗaici. Ƙarfe 4 na yamma a Disamba gari ya yi duhu, mako ya wuce babu wanda ya yi sallama a ƙofa sai mai kawo wasiƙa.

Za ku ce ya tattara ya dawo gida mana, ga rana kyauta. Akwai tarko a nan. Kowane Afrilu ana ƙara fansho da mafi girma cikin uku: hauhawar farashi, ƙarin albashi, ko kashi 2.5 cikin 100. Amma wannan ƙarin na mazauna Birtaniya ne da ƙasashen Tarayyar Turai da waɗanda aka yi yarjejeniya da su, irin su Amurka da Jamaika. Wanda ya koma Najeriya, ko ma Kanada da Ostareliya, za a ci gaba da biyansa, sai dai adadin da ya tafi da shi, a nan zai tsaya cak, ko da ya ƙara shekara ashirin a duniya.