Matajin cire gashin kyanwa: yana aiki, amma mai sayarwar ta ƙona min rai

Ban yi zaton matajin nan zai tsinana komai ba, don na taɓa sayen safar hannun nan mai ƙayoyin roba da ake ta talla, kuɗina ne kawai suka tafi. Kyanwata irin 'yan Farisa ce masu dogon gashi. Tun da zafin watan Maris ya kama a Kaduna gashi ya cika mana gida: kan sallaya, kan kujeru, baƙar abaya kuwa ba a magana. Idan fanka na juyawa har cikin kofin shayi sai ka tsince shi. Maigida har ya fara maganar a bayar da ita.

Ranar farko na sha mamaki. Haƙoransa na ƙarfe ne, gajeru, a matse da juna, suna ratsa gashin sama su kwaso na ƙasan, mai laushin nan kamar auduga wanda ya riga ya saki. Kafin in gama bayanta kaɗai na kusa cika ƙaramar leda. Aman dunƙulen gashin da take yi a bayan ƙofa ma ya ragu sosai, tunda dama wanda take lasa ne take haɗiyewa. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya saya.

To amma da na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya sake ɓaci. Mai sayarwar da bakinta ta ce min, "Hajiya, kullum ki riƙa yi mata, ko gashin ya cukuikuye zai warware shi." Ƙarya ce. A ƙarƙashin hammatarta akwai inda ya dunƙule, matajin na kaiwa wurin ya maƙale ya finciki fata. Ihun da ta yi har yarana suka fito a guje, ta yakushe min hannu ta shige ƙarƙashin gado. Gefen cikinta ya yi ja, gashin wurin ya yi shara-shara har ana hango fata.

Likitan dabbobi ya duba ko ƙuma ce ko makero, don ya ce makero na kama mutane ma, musamman yara. Alhamdulillahi babu ko ɗaya, yawan kartar ne. Ya ce irin wannan mataji sau ɗaya ko biyu a mako ake sa shi, a busasshen gashi, da hannu mara nauyi, kuma ba a kai shi inda ya dunƙule ko inda ke da ciwo. Na kullum daban ne, mai faɗin haƙora. Abin da na kashe a asibiti ya fi kuɗin matajin.

Har yanzu ina amfani da shi, sai dai yanzu ta gan shi a hannuna sai ta gudu, sai da lallashi da ɗan kifi. Madannin da ke turo gashin waje ma ya daina aiki, da yatsa nake cirewa. Na tura wa matar hoton fatar kyanwar a WhatsApp, ta buɗe ta gani ta yi shiru. Bayan kwana biyu sai ga ta da tallar sabulun wankan mage, wai an yi ragi.