Wace akuya za ka saya idan madara kake nema?

Wanda ya samu ɗan fili a bayan gari, ya kewaye shi, ya ware wurin lambu da akurkin kaji, yawanci akuya ce ke faɗo masa a rai bayan nan. Sai dai kiwon da yawancinmu muka tashi muka gani na haihuwa ne: ta haihu, ɗan ya tasa, a kai shi kasuwa a yi hidimar salla ko suna. Kiwo don tatsa daban yake, kuma tun ranar saye ake gyara shi ko a ɓata.

Mu fara da wadda ke ƙofar gida, jar akuya. A Najeriya ana ce mata jar Sakkwato, a Nijar a ce ta Maraɗi. Fatarta ce ta yi suna har Turai, inda aka daɗe ana ce mata fatar Maroko saboda ta can fatake ke bi da ita. Amma matan ƙauyukan Maraɗi sun jima suna tatsar ta suna dama fura, kuma tun 1963 akwai cibiyar kiwon awaki a garin da aka kafa don kyautata irinta. Ba ta da girman jiki, macen ba ta cika wuce kilo 30 ba, abin da take bayarwa kuma wajen rabin lita ne a rana, na wata uku zuwa huɗu bayan haihuwa. Kaɗan ne, balle ga 'ya'yanta su ma suna jira. To amma tana yawan yin tagwaye, tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu tunda cikin akuya wata biyar ne, kuma da harawa da dusa da 'ya'yan gawo za ta ƙetare rani ba ta kwanta ba. Gidan da abin da yake so bai wuce madarar shayi da kunun yara ba, uku ko huɗu sun isa, muddin ba a bari duk sun haihu a wata ɗaya ba.

Sai akuyar Sahel, doguwar nan mai dogayen ƙafafu da kunnuwa a sake, wadda ake kawowa daga Nijar da Chadi da Borno. Ta fi jar nono, mai kyau a cikinsu takan kusanci lita guda. Sai dai yawanci ɗa ɗaya take haifa, ta saba da yawo tana miƙa wuya tana cin ganyen ƙaya, kuma ba ta shiri da laima. Mutumin Daura ko Gashuwa zai ji daɗinta. Wanda ke kudancin Kaduna ya ɗaure ta a turke cikin damina, shi da tsutsar ciki da mura ne. Gajeriyar akuyar kudu kuwa tana jure cututtukan kurmi, amma nononta da ƙyar yake isar 'ya'yanta, don haka ba ta cikin wannan lissafi.

Inda mutane suka fi zubar da kuɗi shi ne wajen awakin waje, waɗanda hotunansu suka cika Facebook. Saanen, farar nan 'yar asalin Suwizalan, ita ce sarauniyar madara. A ƙasashen sanyi lita 3 a rana ba abin mamaki ba ne a wurinta, kuma takan yi wata tara zuwa goma ana tatsa. Amma nauyinta ya ninka na jar akuya, cinta ma haka, ga farar fatar da ba ta jure rana. A zafin Afrilu na Kano sai ka same ta tana haki a inuwa, ta rage ci, nonon ya bi. Alpine ta Faransa ta ɗan fi ta ƙarfin hali. Anglo-Nubian, mai dogayen kunnuwa da gantsararren hanci, a Ingila aka haɗa irinta da jinin awakin ƙasashen zafi, shi ya sa ta fi su jure yanayi irin namu. Madararta ba ta kai ta Saanen yawa ba, amma ta fi maiƙo. Ita kuwa Boer, mai farin jiki da jan kai, ta nama ce daga Afirka ta Kudu. Duk wanda ya tallata maka ita a matsayin ta madara, girman jikin yake sayar maka.

Ni dai a ganina, mai farawa ba shi da haɗi da tsantsar 'yar waje. Ya zaɓi jajaye ko 'yan Sahel masu nono, ya yi shekara guda yana koyon tatsa da tanadin harawa tun kaka tana araha, sannan ya nemi bunsuru mai jinin Anglo-Nubian ko Saanen ya yi barbara. 'Ya'yan da za a samu sukan fi uwayensu madara, kuma sun gaji wani abu na juriyarsu. Ba lallai ne ma ka mallaki bunsurun ba. Ciyar da shi shekara guda don aikin kwana kaɗan asara ce ga mai awaki uku, ga warinsa da ke kama madara idan yana kusa da wurin tatsa. Wani ɓangare na ƙarnin da ake zargin nonon akuya da shi daga nan yake, sai kuma ƙwaryar da ba a wanke da kyau ba.

A kara, ko ta Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, za ka samu zaɓi da yawa, amma ba za ka san tarihin dabba ba. Na taɓa sayen wata da hantsarta ta cika tam kamar za ta fashe, ashe raba ta aka yi da ɗanta tun daren jiya don ta yi kyan gani. Kwana biyu a gida, ko rabin kofi ban samu ba, ga ɓari guda na hantsar da wani ƙullutu mai tauri a ciki. Tun daga nan, idan na madara nake nema, gidan mai ita nake zuwa da sassafe da gorar lita guda, a tatsa a gabana. Wanda ya ƙi yarda da haka, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ka sa hannu ka matsa hantsar, ta zama mai laushi, ɓangarorin biyu daidai, kan nonon kuma ya kamu a hannu ba wahala. Ka buɗe bakinta. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa: manya biyu na nufin ta ɗan haura shekara guda, huɗu wajen shekara biyu, takwas kuwa ta kai huɗu ko ta wuce. Wadda ta yi haihuwa ɗaya ko biyu ita ce daidai, don an riga an ga nononta kuma tana da sauran shekaru a gaba. Ka ja fatar idonta ta ƙasa, idan ta yi fari fat to jini ya yi ƙaranci, galibi tsutsa ce. Majina, ko kashi da ya ɓata gindin wutsiya, ko labarin ta taɓa ɓari, kowane ɗaya ya isa ka wuce.

Idan ka kawo ta gida, ka ware ta ita kaɗai na mako uku kafin ta haɗu da sauran. Ka kira malamin dabbobi ya ba ta maganin tsutsa, ya yi mata rigakafin PPR, annobar nan mai zawo da majina da ke share garke cikin kwanaki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom na yin allurar, kuma guda ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku. Madarar kuma, komai lafiyar akuyar a ido, a tafasa ta kafin a ba yara, domin cutar da ke sa awaki ɓari tana kama mutum ta ɗanyen nono.