Fanka mai ruwa ko gyaran rufi: wanne ya fi rage zafin ɗaki a Zariya?

Wata 'yar'uwa daga Gyallesu ta yi tambaya cewa ɗakinta na rufin kwano ne, tun daga azahar ba ya zaunuwa, AC kuma ya cinye mata kuɗin mita. Kuɗin da ke hannunta na abu ɗaya ne: ta sayi fanka mai ruwa, ko ta kira kafinta da mai fenti su gyara rufi?

Hajiya, aikinsu ba ɗaya ba ne. Fanka mai ruwa tana sanyaya iskar da ta riga ta shigo ɗaki. Gyaran rufi kuwa tare zafin yake yi tun daga sama, kafin ya sauko miki.

Fanka mai ruwa dabarar randa ce aka sa wa lantarki. Ƙaramin famfo yana jiƙa soson da ke bayanta, iska ta ratsa ta cikin soson, ruwan ya bushe ya tafi da zafi. Lita 1 ta ruwa idan ta bushe tana ɗauke zafin da ya kusa kashi biyu bisa uku na yunit ɗin wuta, matsakaiciyar fankar kuma tana shan lita 1 zuwa 3 a awa. Wutar da take ci kaɗan ce, wat 60 zuwa 150, alhali AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000. A awa 8 fankar ba ta cika wuce yunit 1 ba, AC kuwa zai iya kusantar 8 idan ɗakin yana ɗaukar zafi. Ƙaramin janareta ko inbata ma suna ɗaukarta.

Sai dai tana da lokaci, kuma masu sayarwa ba su cika faɗar wannan ba. Daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu iskar Zariya busasshiya ce ƙayau, irin wadda shanya ke bushewa kafin a gama wanki. A rana mai zafin digiri 38 da laimar iska kashi 15 cikin ɗari, iskar da ke fita daga bakin fankar za ta iya sauka zuwa wajen digiri 26 ko 27. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Afrilu da Mayu, laima ta hau zuwa kashi 60, ragin ba zai wuce digiri 4 ko 5 ba, ga jiki yana danƙo, zufa ba ta bushewa. Lokacin ne mutane ke cewa fankar ta lalace. Lafiyarta lau, iskar ce ta ƙoshi da ruwa. A irin wannan lokaci ki kashe famfon ki bar ta a matsayin fanka kawai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rufe ɗaki ruf kamar na AC. Cikin awa guda ɗakin zai cika da laima, sanyin ya tsaya, tabarma da katifa su fara warin danshi. A ajiye ta kusa da taga ko ƙofa, bayanta yana shan iskar waje, a bar wata tagar a buɗe ta ɗaya ɓangaren domin iska ta samu mafita. Kada a haɗa ta da AC a ɗaki ɗaya, domin laimar da take zubawa ita AC zai tsaya cirewa. Ruwan tankin a zubar da shi duk kwana biyu ko uku, saboda wari da sauro. Idan ruwan burtsatse ne mai gishiri, za ki ga wani farin abu yana daskarewa a soson, iska ta rage ƙarfi. A cire shi a jiƙa cikin ruwan lemon tsami, a ɗauraye, a shanya. Ƙanƙarar da ake zubawa a tankin kuma ba ta kai kuɗinta ba: kilo 1 idan ya narke, zafin da yake ɗaukewa bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai na abin da lita 1 ke ɗaukewa ta hanyar bushewa ba.

Yanzu rufi. A watan Afrilu rana kan tsaya a tsakiyar ka a Zariya, kuma da tsakar rana kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar kusan wat 1,000 na zafin rana. Tsohon kwano mai tsatsa ko mai duhun launi yana iya wuce digiri 60. Ki ɗora tafin hannu a silin da ƙarfe uku na yamma: idan kin ji ɗumi kamar bayan tukunyar da aka sauke, to daga nan zafin ke sauko miki, kuma da shi AC ɗinki yake kokawa.

Aiki uku ake yi, kuma ba dole a yi su rana ɗaya ba. Na farko shi ne farin fenti. A wanke kwanon, a kankare tsatsa da burushin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa inda ya ci, sannan a yi farin fentin rufi shafi biyu, da sassafe, kafin ruwan sama ya sauka. Lita 1 tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi guda, don haka ɗaki mai mita 4 da 4 zai ci wajen lita 4 a shafi biyu. Fentin bango na cikin ɗaki ba ya yi, damina ɗaya zai ɓare. Mai fentin ya riƙa taka layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa. Ƙurar hunturu tana dusashe farin, saboda haka a wanke shi duk farkon bazara.

Na biyu, ramukan shan iska a bangon da ke tsakanin kwano da silin, ɓangare biyu masu fuskantar juna, a sa musu ragar waya saboda jemagu da ɓeraye. Gidaje da yawa an toshe wannan wuri gaba ɗaya, zafi ya taru ya rasa hanya har tsakar dare. Na uku, takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, ko soso mai kaurin santimita 5 a kan silin. Takardar tana buƙatar tazarar aƙalla santimita 2 zuwa 3 tsakaninta da kwano. Idan ta manne masa an yi asarar kuɗi. Idan silin ɗin tsohon asbestos ne, kada a fasa shi ko a huda shi, ƙurarsa tana cutar da huhu.

Gyaran rufi ba zai hura miki iska mai sanyi ba, gaskiya ke nan. Amma yana aiki ko an ɗauke wuta, a bazara da damina, ba ya neman ruwa, kuma ranar da kika kunna AC zai riƙa hutawa maimakon ya yi ta gudu. Magabata da suka gina soraye a cikin birni da tubali da azara, bango mai kauri da ƙananan tagogi, wannan lissafin suka yi.

Idan gidan naki ne, mu dai rufi za mu ce ki fara da shi, fenti da ramukan iska tukuna, takardar alminiyam idan hali ya samu. Idan haya kike, fanka mai ruwa ta fi, tunda za ki tafi da abarki, amma ki saye ta da sanin cewa wata biyu zuwa uku ne ganiyar amfaninta.

Ko wanne kika zaɓa, tagar yamma tana buƙatar asabari ko zana daga waje, a bar ɗan rata tsakaninta da gilas, domin labulen ciki sai zafi ya shigo yake tare shi. A rufe tagogi tun wajen ƙarfe tara na safe idan ba fanka mai ruwa ke aiki ba, a buɗe su duka bayan isha'i, da ragar sauro. AC kuma a sa shi a digiri 26 tare da fankar sama maimakon 18, a wanke ragar ƙurarsa duk mako biyu.