Ra'ayina kan 1.1.1.1 bayan laftof ɗita ta ƙi hawa intanet

Gaskiya 1.1.1.1 ɗin nan, wato DNS na kamfanin Cloudflare mai juya sunan shafin intanet ya koma lambar da kwamfuta ke ganewa, ya yi min rana, kuma ko sisi ban biya ba, amma masu cewa yana ƙara gudun data su daina faɗa wa mutane haka don Allah, ba aikinsa ba ne.

Laftof ce tokumbo na saya, komai lafiya lau, batir na riƙe caji, sai dai in na jona ta da hospot ɗin wayata ta nuna ta haɗu amma Chrome ya ƙi buɗe komai, sai dai ya rubuto min DNS_PROBE_FINISHED_BAD_CONFIG, alhali a wayar ga WhatsApp na ta shigowa ga bidiyo na tafiya ba ko tsayawa. Wani mai gyara da na kai wa ko dubawa bai yi ba yace sai an sauke Windows an ɗora sabo, ya yanka min kuɗi, na ce a'a bari dai. Abin ya min ciwo wallahi, mutum nawa aka goge wa takardunsa a banza a kan irin wannan?

Wani abokin karatuna ne yace in buɗe cmd, wato baƙin allon nan na rubuta umarni a Windows, in rubuta ping 8.8.8.8, wato in ƙwanƙwasa wata lambar Google in ga ko za ta amsa. Ina dannawa sai ga amsa na saukowa layi bayan layi, Reply, Reply. Yace to rubuta ping google.com, nan take ta ce ba ta san wannan sunan ba. Ashe nan gizo ke saƙar. Intanet ɗin na nan, abin da ke juya sunan shafi ya koma lamba ne ya mutu, don kwamfuta ba ta san suna ba lamba kawai ta sani, kuma DNS ne ke mata wannan aikin. Da muka sa ipconfig /all a cmd don mu ga setin intanet ɗin laftof ɗin sai ga wata lamba mai farawa da 10 an kafe ta da hannu a gurbin DNS, da alama ta ofis ɗin da aka yi aiki da laftof ɗin ce a can waje, irin lambar da ba ta aiki sai kana cikin ginin.

Gyaran ko minti biyar bai kai ba. Ka danna maɓallin Windows da na R tare, ka rubuta ncpa.cpl, ka shiga Properties na Wi-Fi, sai IPv4, a ɓangaren DNS ka sa 1.1.1.1 a gurbin sama, 1.0.0.1 a na ƙasa, sannan ka koma cmd ka sa ipconfig /flushdns don ta manta tsofaffin lambobin da ta haddace. Shafi ya buɗe tar. In ma ka mayar da shi otomatik zai yi, ni dai na zaɓi in bar na Cloudflare in ga kamun ludayinsa.

Tun lokacin bai taɓa ba ni matsala ba a gida. A 2018 suka fito da shi, na Google kuwa 8.8.8.8 tun 2009 yake, na gwada duka biyun kuma ni dai ban ga wani bambanci da ido zai kama ba. Abin da ya fi burge ni shi ne 1.1.1.3, shi ma na Cloudflare ne, wannan yana toshe shafukan batsa da masu cutar da kwamfuta, shi na sa wa kwamfutar ƙannena a gida, duk da yaro mai wayo zai iya cirewa.

Inda ya ba ni haushi wuri ɗaya ne, wayfay na otal irin wanda sai shafin shiga ya fara fitowa ka sa lambar ɗaki, shafin ya ƙi fitowa sam sai da na mayar da setin ɗin otomatik. Sannan in sabis ya ɗauke ko data ta ƙare ba abin da zai tsinana maka, shi ya sa nake cewa a fara da ping ɗin nan tukuna, in 8.8.8.8 ma bai amsa ba to matsalar ba ta DNS ba ce, a duba wayar ko rauta.